Auren Harsuna Cikin Uwar Garken Intanet: Inda Wuyar Aikin Take

Ran Juma'a 17 ga watan Fabrairu na shekarar 2017, wani masanin tsaron kwamfuta mai suna Tavis Ormandy, wanda a lokacin yake aiki da kamfanin Google a Amurka, ya ci karo da wani abin al'ajabi cikin shafukan intanet da yake bincike. A ƙarshen waɗansu shafuka sai ya ga an maƙala tarkacen rubutu wanda ba shi da wata dangantaka da shafin, watau kalmomin sirri na mutane, da saƙonnin da wasu suka aika wa juna a asirce, da shaidar shiga asusu na waɗansu kamfanoni dabam. Da ya bi sawu sai ya tarar duk shafukan nan ta hannun kamfani guda suke biyowa, wanda ake kira Cloudflare, mai tsayawa tsakanin miliyoyin gidajen intanet da masu ziyartarsu. Ba ɓarawo ne ya fasa ba. Wani ɗan guntun tsari ne da aka rubuta da wani harshen kwamfuta, aka juya shi zuwa wani harshen, sa'an nan aka dasa shi cikin manhajar da ke raba shafuka, shi ne ya yi wata da watanni yana zubar da asirin jama'a ba wanda ya ankara.

Wannan al'amari ya tona wata sana'a wadda ba kasafai ake jin labarinta ba, ko da yake duk mai riƙe da waya yana cin moriyarta. Duk sa'ad da mutum ya taɓa wayarsa don ya duba sakamakon jarrabawa, ko ya aika kuɗi, ko ya karanta labari, wayar tana aika roƙo ne zuwa wata kwamfuta mai nisa, ita kuma ta amsa da shafin da aka nema. Manhajar da ke zaune cikin wannan kwamfuta dare da rana tana sauraron masu roƙo ita ake ce wa uwar garke. Biyu daga cikin waɗanda suka fi shahara su ne Apache da nginx, dukansu kuwa da harshen C aka rubuta su, harshen nan da Dennis Ritchie ya ƙaga a ɗakunan bincike na Bell a farkon shekarun 1970.

Uwar garke ita kaɗai aikinta kaɗan ne, ta karɓi roƙo ta miƙa takarda. Sauran ayyuka, kamar tantance mai shiga, da ɓoye saƙo don kada ɗan leƙen asiri ya karanta, da tambayar rumbun bayanai, ana ƙara mata su ne ta hanyar waɗansu ƙananan manhajoji da ake dasa mata a jiki. Masu sana'ar suna kiransu modul, amma sunan da ya fi dacewa da su a Hausa shi ne rassa. In da C aka rubuta reshen, jini ɗaya ne da uwar, babu wata matsala. To, amma mutane da yawa sun fi son su rubuta nasu reshen da wani harshe, ko don ya fi sauƙi, ko don suna da tsohon aiki a cikinsa wanda ba za su iya zubarwa ba. Daga nan aikin ya koma irin na mai lambu da ke aurar da mangwaro: saiwa daga wannan itace, reshe daga wancan, rayuwar dashen kuwa ta rataya ne a kan wurin da aka ɗaure su.

Asalin rassan

A farkon zamanin shafukan intanet ba a damu da dashe ba. A shekarar 1993, masu uwar garken NCSA ta Jami'ar Illinois, wadda wani ɗalibi mai suna Rob McCool ya rubuta, suka fito da wata dabara da ake kira CGI. Duk lokacin da roƙo ya iso, uwar garke sai ta ta da wata manhaja dabam, ta miƙa mata roƙon, ta karɓi amsa, manhajar kuma ta mutu. Kowane harshe aka rubuta ta da shi daidai ne. Amfanin wannan shi ne, in manhajar ta ɓaci ita kaɗai ta ɓaci. Aibinsa kuwa nawa, domin kamar mai kanti ne da ke ɗaukar sabon yaro aiki ga kowane mai saye, ya nuna masa inda kaya suke, kana ya sallame shi da zarar an biya kuɗi.

Bayan McCool ya bar NCSA a 1994, mutum takwas, cikinsu har da Brian Behlendorf da Roy Fielding, suka haɗu suna yi wa aikinsa gyare-gyare, suka fito da Apache cikin Afrilun 1995. A wannan shekara ce ɗaya daga cikinsu, Robert Thau, ya sake fasalin manhajar baki ɗaya, ya raba amsa roƙo zuwa matakai, ya bar ƙofa a kowane mataki inda reshe zai iya cewa wannan aikina ne. Da wannan fasali Apache 1.0 ta fito cikin Disamban 1995, kuma kafin shekara ta kewayo ta zarce kowace uwar garke yawan masu amfani. A 1998, da fitowar Apache 1.3, aka sami damar gina reshe shi kaɗai a ajiye shi a fayil dabam, uwar garke ta ɗauko shi lokacin da take tashi. Wani Bajamushe, Ralf Engelschall, ya rubuta ɗan kayan aikin da ake kira apxs don sauƙaƙa wannan gini.

Sunan da mafassari ya sauya

Kafin a gane inda ƙafa ke zamewa, sai an san ma'aikata biyu da ke tsakanin mai rubutu da na'ura. Kwamfuta ba ta jin C, ba ta kuma jin wani harshe na mutane, lambobi kaɗai take ji. Ma'aikaci na farko shi ne mafassari, manhajar da ke juya abin da aka rubuta zuwa lambobi, guntu-guntu. Kowane guntu yana fitowa da jerin sunaye a goshinsa, ga ayyukan da ya iya, ga kuma waɗanda yake bukata daga wani guntun. Na biyu shi ne maɗinki, wanda ke bin sunayen nan yana haɗa mai nema da mai bayarwa. Maɗinki ba ya fahimtar manufa. In suna ya saɓa ko da harafi ɗaya, ɗinki bai kamu ba.

Misalin da ya fi bayyana wannan shi ne harshen C++, wanda Bjarne Stroustrup, mutumin Denmark, ya fara ƙerawa a 1979 a ɗakunan Bell ɗin nan dai, aka raɗa masa wannan suna a 1983. Ɗan C ne na cikinsa, har mai kallo daga nesa zai zaci abu ɗaya ne. Amma C++ ya yarda a sami ayyuka da yawa masu suna ɗaya, muddin abin da suke karɓa ya bambanta, alhali kuwa maɗinki ba ya yarda da takwara. Saboda haka mafassarin C++ yakan yi wa kowane suna ƙari a ɓoye. Aikin da aka sa wa suna tara, mai karɓar lambobi biyu, a wurin C sunansa tara, amma in ya biyo ta hannun mafassarin GCC na C++ sai ya fito da suna _Z4taraii. Uwar garke ta leƙo tana kiran tara, ba wanda ya amsa. Maganin wannan ɗan gajeren umurni ne, extern "C", wanda ake kewaye duk sunan da zai fita waje da shi, ma'anarsa kuwa a bar wannan suna yadda yake. Masu Apache sun riga sun sa wannan kariya a takardunsu na gabatarwa, saura mai reshe ya tuna da nasa.

Ko an tsallake wannan akwai wani tarkon a gaba, kuma ya fi na farko cin rai. Shi apxs don C aka yi shi, mafassarin C yake kira, kuma ba ya ɗinka babban kundin ayyukan da duk manhajar C++ ke jingina da shi, wanda ake kira libstdc++. A kan Linux kuwa maɗinki yakan bar reshe ya fita da sunayen da ba a samu ba, bisa zaton za a same su nan gaba. Don haka sai gini ya kammala lami lafiya, ba ko tari, mai aiki ya saki jiki. Sai an sa layin LoadModule an ta da uwar garke, sa'an nan ta ƙi tashi, tana kukan ba ta san wani suna wai shi __gxx_personality_v0 ba, sunan da mai aikin bai taɓa rubutawa ba, bai ma taɓa jinsa ba. Ƙwararru sukan tambayi apxs inda takardun Apache suke kawai, su fassara reshen da g++ da hannunsu, su ɗinka shi da shi, kana su mai da wa apxs aikin kai fayil mazauninsa. Dole kuma a umurci mafassari da alamar -fPIC ya fitar da lambobin da za su iya zama ko'ina cikin ƙwaƙwalwar na'ura, gama reshe baƙo ne, ba shi da ikon zaɓen ɗaki.

Apache tana da mai gadi guda a bakin ƙofa. Kowane reshe yana ɗauke da wata lamba da ke nuna zamanin uwar da aka gina shi dominta, ta jerin 2.2 ita ce 20051115, ta jerin 2.4 kuwa 20120211, in ba su dace ba sai a hana shi shiga. Wannan ƙi alheri ne, domin ya fi a shiga a yi ɓarna. Sai dai mai gadin bai san kome ba game da rigimar cikin gida ta C++. A 2015, GCC na 5 ya sauya yadda ake shimfiɗa jerin haruffa cikin ƙwaƙwalwa, har ya zama guntu biyu da aka fassara kafin sauyin da bayansa suna iya kasa ɗinkuwa, ko da yake harshe ɗaya aka rubuta su da shi.

Wa zai share ɗaki?

Suna dai ƙaramar magana ce, tun da kuskurensa yana bayyana tun a bakin ƙofa. Babbar magana ita ce al'ada. Kowane harshe yana da yadda yake aron wuri cikin ƙwaƙwalwar na'ura da yadda yake mayarwa. Apache, tun daga fasalin Thau, takan ba kowane roƙo tafki guda, duk abin da ake bukata a ɗiba daga ciki, in an gama amsawa a kwashe tafkin gaba ɗaya. C++ kuwa yana sa ran a yi wa kowane abu sallama shi kaɗai, ya rufe fayil ɗin da ya buɗe, ya saki layin da ya riƙe. In aka ajiye abin C++ cikin tafkin Apache ba tare da an rubuta sunansa cikin jerin waɗanda za a yi wa sallama ba, tafki zai tafi, abin da ya riƙe ya zauna. Roƙo ɗaya ba a gani, amma uwar garken da ke amsa miliyoyi sai ta yi ta kumbura har ranar da za ta faɗi, yawanci ma da tsakar dare.

Haka kuma batun kuskure. In C ya gamu da matsala yakan dawo da lamba ya ce ga abin da ya faru. C++ kuwa jifa yake yi da kuskuren sama, yana fatan wani zai cafe. Uwar da aka rubuta da C ba ta san cafewa ba, saboda haka duk jifar da ta tsallake iyakar reshe tana kashe ma'aikacin uwar garken da ke ɗauke da shi. Ga wani hali na Apache da ke ba sabon shiga mamaki: in tana tashi sau biyu take karanta takardar umurninta, ta ɗauko rassa, ta sauke su, ta sake ɗauko su. Bayan haka ta haifi 'ya'ya masu kama da ita waɗanda za su yi ainihin aikin, kuma duk wani zaren aiki da reshe ya kunna cikin uwar kafin haihuwa ba ya bin 'ya'yan. Harsuna irin su Java da Go, waɗanda ke tafe da nasu masu shara da ke yawo a bayan fage, ba sa jin daɗin irin wannan gida ko kaɗan.

Akwai waɗanda suka bi wata hanya, suka shigo da tafinta cikin ɗaki. Harsuna irin su Perl da PHP da Python ba a fassara su gaba ɗaya tun da wuri, tafinta ne ke karanta su yana aikatawa nan take, shi tafintan kuwa da C aka yi shi. To, sai aka dasa tafintan kansa ya zama reshe. Haka mod_perl ya samu a 1996, wanda Doug MacEachern ya daɗe yana jagoranta, haka mod_php, haka kuma mod_python na Gregory Trubetskoy a 2000. Saurin da aka samu ba kaɗan ba ne, kuma bisa wannan dabara aka gina ɗimbin gidajen intanet na wancan zamani. Amma fa kowane ɗa na Apache sai ya goyi tafinta sukutum, ko da hoto kawai aka aike shi ya miƙa. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Sannu a hankali aka koma raba gida: dabarar FastCGI, wadda kamfanin Open Market ya fito da ita tun 1996, tana barin manhajar a raye a nata wurin ana aika mata roƙo ta layi, PHP ma ya ɗauki irinta cikin jikinsa a 2010 da sunan FPM. Masu Java tun farko haka suka yi, Tomcat yana zaune dabam, ɗan reshen C mai suna mod_jk yana kai saƙo yana komowa.

Ita nginx, wadda Igor Sysoev na Rasha ya fitar a Oktoban 2004, tarbiyyarta ta fi tsanani. Ma'aikaci guda nata yana riƙe da dubban masu roƙo a lokaci ɗaya, yana zagayawa tsakaninsu, don haka reshen da ya tsaya jiran amsa daga wani wuri ya tsai da dubban mutane ke nan. Har zuwa Fabrairun 2016 ma ba a iya dasa mata reshe sai an sake gina ta daga tushe. Harshen da ya fi samun karɓuwa a gidanta shi ne Lua, ɗan ƙaramin harshe da aka ƙaga a wata jami'a ta Rio de Janeiro a Brazil a 1993, tun asali don a dasa shi cikin manhajojin C. Yichun Zhang na ƙasar Sin ya gina OpenResty a kan wannan aure, kuma sirrin nasararsa shi ne Lua ya iya dakatar da aiki ya ba wani wuri, in amsa ta iso ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Abin da ya sami Cloudflare

A kan nginx Cloudflare ya gina aikinsa na wancan lokaci. Yana da reshe mai karanta shafi yana yi masa gyara kafin ya isa ga mai karatu, alal misali ya ɓoye adireshin wasiƙa daga masu tara su don talla. An rubuta mai karatun ne da Ragel, wani harshe na musamman wanda ake juya shi ya zama C. A cikin C ɗin da ya fito, tambayar da ake yi don a san an kai ƙarshen shafi ita ce, shin yatsa yana daidai kan ƙarshe? Ba a tambaya ko ya wuce. Wani ɗan umurni da aka manta a ɓangaren Ragel ya sa in shafi ya ƙare da alamar da ba a rufe ba, yatsan yakan tsallake ƙarshen da taki ɗaya, daga nan kuwa ba abin da zai tsai da shi, sai ya yi ta kwasar abin da ke maƙwabtaka cikin ƙwaƙwalwa, watau roƙon waɗansu mutane. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa laifin ba na Ragel ba ne, na yadda aka yi amfani da shi ne. Kuskuren ya yi shekaru yana kwance, sai da aka dasa wani sabon reshe mai suna cf-html, wanda ya sauya yadda ake miƙa guntayen shafi, sa'an nan ya farka.

Bisa bayanin da kamfanin ya fitar ran 23 ga Fabrairu, yoyon ya fara tun 22 ga Satumban 2016, ya fi tsanani tsakanin 13 da 18 ga Fabrairu, lokacin da kimanin roƙo 1 cikin kowane 3,300,000 ke iya fita da asirin wani. An toshe babbar kafar cikin minti 47, aka gama gyara cikin ƙasa da awa 7. Abin da ya ɗauki kwanaki shi ne bin injunan bincike irin su Google a goge abin da suka riga suka adana. Abin lura a nan shi ne, wanda ya karanta rubutun Ragel ba zai ga rami ba, C ɗin da inji ya fitar kuwa ba mai zama ya karanta shi.

Irin wannan kuskure na taka ƙwaƙwalwar da ba taka ba shi ne ciwon C da C++. Microsoft ya ce a 2019 kimanin kashi 70 cikin 100 na kafofin tsaro da yake toshewa daga nan suke, masu Chrome ma suka ba da irin wannan adadi a 2020. Shi ya sa ido ya koma kan Rust, harshen da ya girma a hannun Mozilla ya kai matsayin 1.0 a 2015, wanda mafassarinsa ke ƙin fassara rubutun da zai iya yin wannan ta'adi. A 2021 ƙungiyar ISRG, mai Let's Encrypt, ta ɗauki nauyin mod_tls, reshen Apache da Stefan Eissing ya rubuta a kan kundin ɓoye saƙo na Rust. A 2023 Cloudflare ya ba da labarin sake rubuta cf-html da Rust. Kafin nan, a Satumban 2022, ya sanar cewa a wani babban sashe na aikinsa ya ajiye nginx ɗungurungum, ya gina tasa manhajar da Rust mai suna Pingora, wadda ya ce tana ɗaukar roƙo fiye da tiriliyan 1 a rana.

Sai dai wanda ya zaɓi ya ci gaba da dashe bai rabu da wurin ɗauri ba. Rust ma yana sauya sunaye, sai an hana shi. Yana shimfiɗa kayansa cikin ƙwaƙwalwa yadda ya ga dama, sai an umurce shi ya bi tsarin C. Duk inda ya karɓi wani abu daga hannun nginx dole mai rubutu ya sa alamar unsafe, wadda ke nufin a nan mafassari ya janye lamuninsa, mutum ne ya ɗauki alhaki. Tun daga Rust 1.81 na 2024, in reshe ya firgita a bakin iyakarsa da C, manhajar tana tsayawa ne cak, wanda ya fi zubar da asiri, amma ga nginx ma'anarsa ma'aikaci guda ya faɗi tare da duk waɗanda yake riƙe da su. Kamfanin F5, wanda ya sayi nginx a 2019, ya fitar da kayan aikin ngx-rust a 2023, a 2025 kuma ya gabatar da reshe na hukuma da aka rubuta da Rust, mai sabunta takardun shaidar tsaro na gidan intanet da kansa. Mai son gina wannan reshe da hannunsa sai ya tanadi mafassarin C, da na Rust, da wata manhaja mai suna bindgen da ke karanta takardun gabatarwa na nginx ta rubuta wa Rust kwatankwacinsu, da kuma tushen nginx wanda lambarsa ta yi daidai da ta wadda za a dasa reshen a jikinta.